Me ya sa Japan ba ta ja da Amurka?

Tambaya: Malam, Japan tana da arziki da fasaha, amma ban taɓa jin ta ja da Amurka ba, alhali Amurkan ce ta jefa mata bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Tsoro ne ko dabara? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, dabara ce, amma irin ta wanda aka kai ƙasa. Bayan Japan ta miƙa wuya a 1945, sojojin Amurka suka riƙe ta har 1952. A lokacin ne aka rubuta tsarin mulkin 1947, wanda sashe na 9 nasa ya ce ƙasar ta haƙura da yaƙi har abada.

Wanda ya mai da wannan dole ta zama riba shi ne Firaminista Yoshida Shigeru. Ranar 8 ga Satumba 1951, a San Francisco, ya sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, kuma a ranar ya sa hannu kan wata da ta bar sansanonin Amurka a ƙasarsa. Lissafinsa shi ne Amurka ta yi gadi, su kuma su zuba kuɗinsu a masana'antu. Lissafin ya ci. Zuwa 1968 tattalin arzikin Japan ya zarce na Jamus ta Yamma.

Sai dai ba kyauta aka samu ba. A 1960 zanga-zangar ƙin sabunta yarjejeniyar sansanonin ta ci kujerar Firaminista Kishi. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen Okinawa: sai 1972 aka dawo da tsibirinsu hannun Japan, kuma har yau a kansu akasarin sansanonin suke. Da wuya a tuna da su idan ana yabon wannan tsari.

Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ne ya fara sauya tunaninsu. Japan ta ba da dala biliyan 13, ba ta tura soja ba, aka yi ta yi mata gorin cewa kuɗi kawai ta iya bayarwa. Shekara guda bayan haka ta tura dakarun kiyaye zaman lafiya Kambodiya. A 2015 gwamnatin Firaminista Abe ta yi dokar da ta ba sojojinta damar kare ƙawayenta, sannan a 2022, saboda fargabar Sin da Koriya ta Arewa, gwamnatin Firaminista Kishida ta ƙudiri ɗaga kuɗin tsaro zuwa kashi 2 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa. Shi kuwa sashe na 9, har yanzu ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba.