Shin Renon Karɓa-karɓa Laifi Ne A Ingila?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni da maƙwabciyata karɓa-karɓa muke yi. Ranar da nake aikin asibiti, ita ke riƙe min ɗana mai shekara uku, ranar nata aikin ni ma in riƙe nata. An ce hukuma za ta iya kama mu. Hankalina ya tashi.

Daga wata uwa, Birmingham.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Dokar renon yara ta 2006 ta ce mai renon yaro ɗan ƙasa da shekara takwas a gidanta, fiye da awa biyu a rana, don lada, sai ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da renon yara a Ingila. A 2009 hukumar ta ce wa wasu 'yan sanda mata biyu renon da suke yi wa juna shi ma lada ne. Abin ya ba ni takaici, domin taimakon juna ne tsantsa. Jama'a suka yi ca, a 2010 gwamnati ta gyara: ƙawaye na iya yi wa juna reno muddin kuɗi bai shiga ba.

To kada ki miƙa mata ko fam biyar da sunan ladan reno. Ki rubuta mata lambar likitan yaron da abincin da jikinsa ba ya so, ta manna a jikin firij.