Me ya sa wutar filasma ba ta narka bangon injin ba?

Ɗan'uwa ka tambaya wai in zafin filasma, wato gas mai tsananin zafi da ke cikin injin nukiliya mai haɗe ƙwayoyin zarra (fusion), ya kai digiri miliyan 150, wane ƙarfe ne zai riƙe shi. To gaskiya babu, maganaɗisu ne ke rataye shi a tsakiya kar ya taɓa bango, amma duk da haka wani abu na tserewa ya bugi bangon, nan ne wahalar take. Shi ya sa a ITER, babban injin gwaji da ake ginawa can Faransa, suka zaɓi ƙarfen tungistan a ƙasan injin inda zafin ke sauka, don sai ya kai digiri 3422 yake narkewa. In ka je Suame Magazine nan Kumasi ka tambayi masu walda da iskar agon, shi ne tsinken da ke bakin tocinsu.

Matsalar ita ce ko ɗan ƙurar tungistan ɗin ya ɓalle ya shiga filasma sai ya sanyaya shi, wuta ta mutu. Da can kabon ake sawa, shi kuma yana shanye tiritiyam, man injin da ga tsada ga wuyar samu, har injin JET na Ingila ya cire kabon ɗin a 2011. Ni dai wannan ɓangaren ya fi damuna wallahi, don nutron, ƙananan ƙwayoyin da ke fitowa daga filasman, ma na ratsa ƙarfen yana sa shi gautsi a hankali.

Injin nukiliya na Kwabenya a Accra kuwa daban ne, fasa yuraniyam yake yi, ba haɗe ƙwayoyin zarra ba.