Tambayarku, Amsarmu: Wai wace irin waƙa ce soul-blues?

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah akwai wata waƙar Amurkawa da nake yawan cin karo da ita a YouTube wai ita soul-blues, mawaƙin kamar zai yi kuka, jita kuma tana amsa masa. Sabuwa ce ko tsohuwa? Abokina ya ce daga Afirka aka kwaso ta, gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya kana da kunne. Ba sabuwa ba ce, masu yin ta ne kawai ake samun sababbi. Blues ɗin kanta a hannun baƙaƙen fatan kudancin ƙasar Amurka ta taso, musamman ma'aikatan gonakin auduga na jihar Misisipi, jikokin bayi, mutum ɗaya da jitarsa yana faɗin damuwarsa ta talauci ko bashi ko matar da ta tafi ta bar shi. Ita kuma soul daga coci ta fito, a shekarun 1950 irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko salon rera waƙar ibada suka sa a waƙar soyayya, har wasu masu addini suka yi ta fushi da su. To da biyun suka haɗu sai aka samu abin da kake ji, muryar coci a kan kiɗan blues, ga kayan busa na rakiya. Bobby Bland shi ne gwani a nan, ni dai ban ji wanda ya kai shi iya sassauta murya ba.

Akwai lokacin da disko ta zo ta cinye kasuwa, manyan kamfanoni suka juya wa waɗannan mawaƙa baya, sai wani ƙaramin kamfani a birnin Jackson mai suna Malaco ya tattara su, faifan da Z.Z. Hill ya yi a wajen a farkon shekarun 1980 ya yi kasuwa sosai, kuma yawancin masu saye talakawan kudu ne, su suka riƙe waƙar nan wallahi. Wani tsohon mawaƙin wannan salo, Bobby Rush, sai 2017 ya samu kambun Grammy (babbar lambar yabon mawaƙa a Amurka) na farko, yana da shekara 83! Ga kuma matashi Christone Ingram da ake kira Kingfish, ɗan garin Clarksdale, haihuwar 1999, shi ma ya ci nasa a 2022.

Maganar abokinka kuwa da ƙamshin gaskiya amma ya ɗan yi zuzutawa. Amshin nan da ka lura da shi, mawaƙi ya faɗa jita ta karɓa kamar yadda 'yan amshi ke yi wa makaɗi a wajenmu, da bayin ya ƙetara teku, haka ma banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da Amurkawa ke kaɗawa, asalinta kayan kiɗan ƙwarya ne na Afirka ta Yamma, dangin gurmi. Shi ya sa kiɗan Ali Farka Toure na Mali ke kama da nasu. Amma waƙar a can aka ƙera ta, cikin wahalarsu, bai kamata mu ƙwace musu ba.

Ka fara da Bland tukuna, sannan ka dawo kan Kingfish.