Ku Tambayi Baba: Maigidana Pasto Ne, Ya Rabar Da Hatsinmu

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni matar pasto ce a wata ƙaramar ikilisiya a bayan Bukuru, yaranmu huɗu. Wata uku ke nan ba a ba maigidana albashi cikakke ba saboda baiko, wato kuɗin da masu sujada ke bayarwa a coci, ya ragu sosai, yawancin membobinmu manoma ne kuma wasunsu daga Mangu da Bokkos suka gudo tun rikicin 2023, ba gona ba komai. Buhun masara ɗaya da ya rage mana kullum sai ya ɗiba ya ba wanda ya zo ƙofa, in na yi magana ya ce ba ni da bangaskiya, ya tuna min da gwauruwar Zarefat, wadda a Littafi Mai Tsarki ta ciyar da Annabi Iliya daga ɗan abincin da ya rage mata. Shi ne na ɓoye mudu goma a ɗakin ƙanwata bai sani ba. Baba na yi zunubi ne? — Mama Pasto, Jos

AMSA: 'Yata sannu da haƙuri. Ba ki yi sata ba, abincin 'ya'yanki kika adana, amma ɓoyon nan kar ya kwana biyu, ki faɗa masa da bakinki tun kafin ya ji a wani wuri, don maganar gidan pasto ba ta da wuyar fita.

Abin da mutane ba sa lura da shi, pasto na ƙauye daga gonar membobinsa yake ci. In damina ta yi kyau, ranar godiyar kaka za ki ga dawa da acca da dankali an jibge gaban bagadi, in ta lalace kuwa zakka ta faɗi baiko ya faɗi, shi ne na farkon jin yunwa kuma duk da haka ƙofarsa ce kowa zai fara bugawa, don an ɗauka gidan pasto ba ya rasa tuwo. Na san wannan don a irin gidan na tashi. Lokacin farin 1973, da dabbobi suka yi ta mutuwa mutanen arewa mai nisa da na Nijar suka yi ta gangarowa kudu neman abinci, mahaifina mai bishara ne a wani ƙauye, kuma halinsa ɗaya da na mijinki sak, har mahaifiyata ta koma dafa mana tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli mu sha ruwa mu kwanta, shi kuma yana waje yana auna wa baƙi gero da kwano. Ban taɓa jin haushinsa ba, amma ita ce ta rame.

Dattawa ne suka gyara abin. Suka gina rumbu a harabar majami'a, kowane gida ya kawo abin da zai iya ko da kwano ɗaya ne, makulli a hannun mutum biyu, 'yan Zumuntar Mata kuma su ne ke faɗin gidan da wuta ba ta tashi ba, don mata sun fi kowa sanin wannan. Mai neman taimako a nuna masa rumbu. Kuma ba sabon abu suka ƙirƙiro ba, a Ayyukan Manzanni sura 6 da rabon abinci ya kawo gunaguni mutum bakwai aka zaɓa su riƙe aikin, manzanni ba su ce su kaɗai za su yi komai ba.

Zancen gwauruwar Zarefat kuwa, a 1 Sarakuna 17, ki tuna masa cikin ladabi cewa garin da ke tukunyarta bai ƙare ba kuma ita da ɗanta sun ci. Sai ki buɗe masa 1 Timoti 5:8, wadda ta yi magana a kan mutumin da ba ya kula da iyalinsa. Ya san ayar, ya sha yin wa'azi da ita ma ina jin.

Batun albashi ba naki ba ne ki je kina bi, na dattawa ne, in ya fi ƙarfinsu su kai gaba, ko ɗarikarku ECWA ce ko COCIN duk hedkwatarsu a nan Jos take kuma akwai matakai tun daga ƙasa. Sannan in akwai fili a bayan coci ya kama fartanya bana, Manzo Bulus ma ɗinkin tanti ya yi ya ci abinci. Ki fara da matar babban dattijonku ranar Lahadi bayan sujada, ita za ta san yadda za ta shigar da maganar rumbun ba tare da an kunyata Baba Pasto ba.