Amsar Baffa kan lambobin da ke cikin wayar Abbanku

Assalamu alaikum ɗana. Na ga saƙonka tun daren jiya, na bari sai da na nutsu saboda tambayar taka ba ta amsar layi biyu bace. Kace ka ciro memorin da ke cikin tsohuwar Nokia E71 ɗin Abbanku, Allah Ya jiƙansa, ka tarar da folda cike da ƙananan fayiloli na lambobin mutane, ka gwada zuba su a iPhone ɗinka sun ƙi shiga, wasu sunayen ma da ka buɗe sai tarkacen alamomi. Shine kake tambaya wai a al'ada dole ne ɗa ya riƙe mutanen mahaifinsa, ko ka haƙura ka bar su tunda yawancinsu baka sansu ba, kuma ya zakayi da lambobin waɗanda suma sun riga mu gidan gaskiya.

Toh kar ka goge komai, ko guda ɗaya. Kuma kafin ma a zo maganar gogewa, wayar nan da memorinta dukiyar marigayi ce, cikin gado take komai tsufanta, don haka ka faɗawa mahaifiyarku da ƙannenka cewa tana hannunka da abin da kake son yi da ita. Na san ba wanda zai hana ka, amma a faɗa ɗin shine daidai.

Bari in fara da aikin hannun, don shi yafi sauƙi. Fayilolin nan masu .vcf a ƙarshen sunansu ana ce musu vCard, irinsu kuma ba ɗaya bane. Wanda Nokia na wancan lokacin ke fitarwa shine 2.1, tun 1996 aka tsara shi, aka yi 3.0 a 1998, sannan 4.0 a 2011. Ka buɗe ɗaya da Notepad a kwamfuta zaka ga layin farko BEGIN:VCARD, na biyu VERSION:2.1, shine shaidarka. iCloud, wato ma'ajiyar iPhone ta intanet, yana yawan ƙin karɓar 2.1 ɗin nan, shi yasa ka ga ya tsaya maka, ba lalacewa fayil ɗin yayi ba. Su kuma alamomin da suka tsorata ka, irin =D9=85 da =D8=A7, sunaye ne lafiya lau, Abbanku a Saudiyya ya sayo wayar kuma malamansa da haruffan Larabci yake rubuta sunansu, toh tsohon tsarin baya ajiye irin waɗannan haruffan kai tsaye sai ya mayar da kowanne zuwa lamba. =D9=85 ɗin nan mimun ce kawai. Manhajar da ta iya karatunsa zata dawo da sunan yadda yake, saboda haka kar ka sa hannu ka ce zaka gyara.

Abu na farko ka kwafi foldar gaba ɗaya a kwamfuta, ka sake kwafa a filas, asalin memorin kuma ka mayar cikin wayar ka ajiye. Kan kwafin zakayi aiki. Nokia kowane mutum fayil ɗinsa daban take yi masa, in ka ce ɗaya bayan ɗaya zaka shigar sai ka kwana a kai, toh ka shiga cikin foldar a Windows ka buɗe cmd, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta copy *.vcf duka.vcf, zai haɗe maka su su zama fayil guda. Daga nan ka buɗe sabon Gmail na musamman don wannan aikin, ka shiga Google Contacts ta kwamfuta ka danna Import ka zaɓi fayil ɗin, shi Google yana karɓar tsohon tsarin. In sun shiga ko dai ka saka wannan Gmail ɗin a iPhone ka kunna lambobi, ko ka sake fitar dasu daga Google a matsayin vCard, wanda zai baka sabon tsari ne kuma iCloud zai karɓa. Ka kiyaye abu ɗaya, in wani ya baka shawarar ka mayar dasu CSV ka gyara a Excel, ka sani Excel yana cinye sifilin farko, 0803 ta koma 803. Kuma kar ka bi ta sim, sim ƙwaya ɗari biyu da hamsin ne galibi yake ɗauka, yana gutsure dogon suna, kuma lamba ɗaya yake baiwa kowane suna. Shafukan nan na intanet masu cewa a loda musu fayil su juya kyauta ma ban yarda dasu ba, lambobin mutane amana ce, baka san hannun wa zasu faɗa ba. Haka in ta kai sai ka je wajen mai gyara, ka zauna a gabansa har ya gama.

Dalilin da yasa nace sabon Gmail, kar mutanen Abbanku su cakuɗe da abokanka na makaranta. Ka tuna a WhatsApp in ka ajiye lambar mutum shima ya ajiye taka toh zai riƙa ganin status ɗinka, kaga kenan dattijon da ya yi zaman makoki damu zai wayi gari yana kallon duk abin da ka ɗora.

Lambobin waje sai ka bi su da gyara. Abbanku a kasuwar Mariri ta Kano ya yi rayuwarsa cikin goro, mutanensa suna Shagamu, suna Kumasi, suna Anyama ta Kwaddebuwa, ga na Maraɗi ga na Garwa ta Kamaru. Kamaru ta ƙara lamba a Nuwamban 2014, wayoyin hannu aka sa musu 6 a gaba suka zama tara. Kwaddebuwa kuma ranar 31 ga Janairun 2021 ta tashi daga takwas zuwa goma, layin Orange aka ƙara 07 a gaba, MTN 05, Moov 01. Duk wadda ya ajiye kafin nan bazata shiga ba sai ka ƙara mata, kar ka kira sau ɗaya ka ce layin ya mutu. Na gida ka mayar da sifilin farko +234, na Gana +233, na Nijar kuma ka sa musu +227 a gaba. Waɗanda ka gani da 064 kuwa wayar tebur ce ta Kano ta zamanin NITEL, ka bar su don tarihi.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Eh, ɗa yana riƙe mutanen mahaifinsa, kuma ba al'ada kaɗai bace. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa, ya cire rawanin kansa ya ba shi. Aka ce masa ai mutanen ƙauye ɗan kaɗan ma ya ishe su, sai yace mahaifin wannan masoyin Umar ne, kuma ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa mafificiyar biyayya itace ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Ka lura ba abokin Umar ɗin bane ma, ɗan abokin ne. Wannan ya amsa maka rabin tambayar matattun tun kafin mu je can.

Mu da muka taso babu waya, sunayen nan a ka ake riƙe su, ko a bayan littafin ciniki, uba yana tafe da ɗansa kasuwa yana nuna masa, wannan Baba wane ne ka durƙusa ka gaishe shi, a gidansa nake sauka in na je Kumasi. Layin GSM sai 2001 ya shigo Najeriya, daga nan sunayen suka koma cikin waya, ku kuma kuna makaranta ba ku bi shi kasuwa ba, shi yasa kake ganinsu baƙi. Su sun sanka. Da yawansu sun ci tuwon sunanka.

Akwai kuma maganar bashi, wadda itace tafi damuna. Ka ji sanarwar da aka yi a wajen jana'iza, duk mai bin marigayi ko wanda marigayi ke bi ya same ni. Toh wanda yake Anyama bai ji ba. Cinikin goro yawanci da baki ake yinsa, a turo huhu a biya bayan an sayar, babu takarda, kuma ba a raba gado sai an biya bashi. Waɗannan lambobin sune kaɗai hanyar da zamu bi mu sauke masa nauyi. In ka kira kun gaisa sai kace Baba idan akwai wani abu tsakaninku da marigayi dan Allah a sanar damu, in kuma akwai haƙƙi a yafe masa. Duk abin da aka faɗa maka ka rubuta ka kawo min, kar ka yi alkawarin biya, kar kuma ka yi musu, ni da mahaifiyarku zamu duba.

Yadda ake kiran ma da ladabinsa. Kar ka kira da layin Abbanku, mutum yana zaune ya ga sunan wanda aka binne yana haskawa a wayarsa, wani dattijon zuciyarsa bazata ɗauka ba, wanda bai ji rasuwar ba kuma zai ɗaga da wasan da suka saba sai ya ji muryar yaro. Da naka layin zaka kira. Ba filashin, ba tes, ba saƙon murya, babba kiransa ake yi. Da hantsi ko bayan la'asar, banda tsakanin magariba da isha, banda lokacin Juma'a. Kayi sallama, ka faɗi ko kai ɗan waye kafin ka faɗi sunanka, ka gaishe shi da gida da iyali da kasuwa, ka bari ya gama nasa, in ya yi shiru ka jira shi. In bai sani ba kar ka jefa masa labarin a gaisuwar farko, kace Baba sai haƙuri, Allah Ya yi wa Abba rasuwa, ka faɗi ranar. Wanda yake cikin gari kuwa kiran na neman izinin zuwa ne kawai, zumunci a ƙafa yake, ka je da ɗan goro ko turare ka zauna ƙasa. Lambobin mata ka ware su ka baiwa Gwaggonku, ita ta san wacece 'yar uwa wacece matar aboki wacece mai sayen goro, mahaifiyarku tana takaba wata huɗu da kwana goma, a bar ta ta huta da wannan.

Sunayen kuma kar ka taɓa yadda ya rubuta su, amma kar ka kira kowa dasu. Zaka ga laƙabi iri iri, wani ma kamar zagi, wannan tsakaninsa da abokan wasansa ne da taubasansa, shi ke da wannan damar, kai baka gaje ta ba. In zaka kwafo mutum cikin naka lambobin ka sa masa Baba ko Baffa ko Malam a gaba. Kuma na san ka nemi sunanka baka gani ba, don ka ambata a ƙarshen saƙon kamar abin ya taɓa ka. Kai ɗan fari ne, Abbanku har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanka a gaban mutane ba, kunya ce irin ta mutanen da, mahaifinmu ma haka ya yi wa babban yayanmu. Ka rubuta lambarka a wajen nema zaka ga da abin da ya ajiye ka, kuma ina kyautata zaton har bugun gaggawa ya sa maka. Mahaifiyarku ma bazaka ga sunanta ba.

Waɗanda suka rasu ka bar sunansu, ka rubuta marigayi a gefe. Amma kar ka dogara da lambar, kamfanonin waya suna karɓe layin da aka daɗe ba a amfani dashi su sayarwa wani, ga kuma layukan da aka rufe tun da aka fara haɗa sim da NIN a ƙarshen 2020, sai ka kira Alhaji wane wani yaro ya ɗauka daga wani gari. In haka ta faru ka ba shi haƙuri ka kashe, kar ka tsaya yi masa bayanin gidanku, 'yan damfara da irin wannan suke samun ƙofa. Sunan shine abin riƙewa, ta dalilinsa zaka nemo 'ya'yan mamacin, ka sa lambar babban ɗan a ƙarƙashin sunan uban, da sallah ka gaishe su, in suna da biki ko rasuwa ka je. Shi ma layin Abbanku ka riƙa sa masa kati kana ɗan amfani dashi kar a karɓe, musamman tunda da shi ya buɗe asusun banki, har sai mun gama da bankin.

Saƙonnin tes da ke cikin wayar kuma ba naka bane. In neman shaidar ciniki ya kama sai an duba, ni da kai zamu zauna mu duba tare, abin da muka gani na wani wanda ya nemi taimako a ɓoye ya tsaya a nan. Abbanku mutane da yawa ya rufawa asiri, baya so a sani yana raye, toh bayan ransa ma haka.

Ba nace ka kira mutum ɗari a sati ba. In sun shiga ka fitar min da jerin a takarda, manyan haruffa saboda idona, ranar Asabar in Allah Ya kaimu ka zo da kwamfutar bayan la'asar mu bi su ɗaya ɗaya, zan nuna maka na kusa da na nesa da waɗanda ni ya kamata in fara kira kafin kai. Mai masaukinsa na Kumasi dashi zamu fara, ya tsufa sosai kuma ban tabbata labarin ya kai masa ba. Ka taho da wayar da cajarta, in batirin ya kumbura kar ka jona shi. Ka gaida mahaifiyarku da ƙannenka, Allah Ya ƙara muku haƙuri, Ya jiƙan Abba Ya yi maka albarka.