Na Ga Tsohon Gidan Jinka a Devon: Ta Ina Zan Fara Gyara, Kuma Wa Zai Yi Masa Inshora?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin asibiti ne a Exeter da ke Ingila, shekarata tara a nan. Mun ga wani tsohon gida a wani ƙauyen Devon, ginin ƙasa da rufin ciyawa, an ce ya haura shekara 300, kuma yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, mataki na biyu. Jinkar ta yi baƙi ta wajen arewa, akwai murhun ƙarfe na itace a falo. Maiɗakina ta ce mun baro ɗakin bunu a ƙauye za mu zo mu saye shi da fam. Kamfanonin inshora biyu da na gwada ta intanet sun ƙi ba ni farashi. Shin in saya? In na saya, me zan fara gyarawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar uwargida tana da ƙamshin gaskiya, sai dai a Ingila lamarin ya juye: ɗakin da a gida ake ɗaukarsa na marasa hali, a nan sai mai hali ke iya riƙe shi. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka sa hannu a komai sai ka riƙe takardar sharuɗɗan mai inshora a hannunka, domin ita ce za ta faɗa maka abin da za ka fara gyarawa. Kuma ina kyautata zaton abin da za ta fara nunawa murhun nan ne na falo, tun kafin a zo kan ciyawar.

Ƙin da kamfanoni biyu suka yi maka kada ya dame ka. Shafukan kwatanta farashi an yi su ne don gidajen bulo masu rufin tayil. Gidan jinka sai ka je wa dillalin inshora da ya ƙware a kansa, ko kamfani irin su NFU Mutual da suka daɗe suna hulɗa da mutanen karkara. Za su yi maka tambayoyi kamar na masu binciken aure: wace irin ciyawa ce, yaushe aka yi baibayar ƙarshe, wa ya yi, yaushe aka duba wayoyin lantarki, akwai murhu, nawa ne tsayin bututun hayaƙi, nawa ne nisan gidan da ofishin 'yan kwana-kwana. Ka amsa tsakani da Allah. Dokar 2012 kan inshorar ɗaiɗaikun mutane ta ɗora maka nauyin yin taka-tsantsan kada ka ba da bayanin da ba daidai ba, kuma in aka gano ka ɓoye murhun da gangan, suna iya ƙin biya ranar da ka fi bukatarsu.

Dalilin da ya sa suke tsananta wa gidan jinka shi ne yadda gobararsa take ƙarewa. Ba lallai ya fi sauran gidaje yawan kamawa ba, amma in ya kama da wuya a ceci rufin. An shirya jinka ne don ta zubar da ruwa, to ruwan 'yan kwana-kwana ma haka take zubar da shi, wutar tana ci ta ciki a ɓoye. Dole sai an hau an yaye ciyawar da hannu don a datse mata hanya. Turawan sun daɗe da sanin haka: tun 1212 aka hana sabon rufin ciyawa a Landan bayan wata babbar gobara, kuma gidan wasan Globe ya ƙone ƙurmus a 1613 saboda tartsatsin igwar wasa da ya faɗa kan jinkarsa. Wanda aka sake ginawa aka buɗe a 1997 sai da izini na musamman da na'urorin feshin ruwa a kan rufin.

A yau mafi yawan gobarar jinka daga bututun hayaƙi take tasowa, kuma murhun ƙarfe na itace shi ne babban abin zargi. An daɗe ana cewa zafin bulon bututun ne ke ratsawa ya kama ciyawa. Binciken da Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, da NFU Mutual suka ɗauki nauyi ya karkata ga wani dalilin: garwashi da tartsatsin da ke fita ta bakin bututun su sauko kan rufi, musamman lokacin kunna wuta da takardu da kwali, ko in tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. Ga kuma wata matsalar da tsofaffin gidaje ke da ita. Kowane mai baibaya yana ɗora sabuwar ciyawa a kan tsohuwa, jinka tana ta kauri, bututun da a da ya yi sama sosai sai ya zama kamar ya nutse. Ƙa'idar gini ta Ingila tana son bakinsa ya kai aƙalla mita 1.8 sama da ciyawa. Ka tsaya a waje ka duba na gidan nan da idonka, sannan ka sa a zura kyamara a cikinsa a ga ko akwai tsaga ko kunkunniya mai kama da kwalta. Yawancin masu inshora za su ce a share shi sau ɗaya ko biyu a shekara, mai sharar ya ba ka takardar shaida, a ƙona busasshen itace kaɗai wanda danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Ragar tare tartsatsi da wasu ke sawa a bakin bututu tana toshewa da kwalta ta zama ita ce haɗarin, don haka kada ka sa ta sai mai inshora ya ce a sa, kuma ka riƙa wanke ta. Da ni ne, zan nemi farashi iri biyu, da murhu da kuma ba murhu. Bambancin yakan sa mutum ya haƙura da kallon wuta.

Sai ita jinkar. Baƙin da ka gani ta wajen arewa ba lallai ruɓewa ba ne, ɓangaren da rana ba ta bugawa yakan yi gansakuka. Abin dubawa shi ne kwarin da ruwa ya haƙa a jikinta, da tsinkayen itacen da ake kafe ta da su in sun fara leƙowa, da gefen bututun hayaƙi inda ruwa ke saɗaɗawa. Mai duba gida na gama-gari ba zai gane wannan ba. Ka ɗauki ƙwararren mai baibaya ya hau ya rubuta maka rahoto, zai fi kyau ɗan ƙungiyar National Society of Master Thatchers, kuma wanda ba shi ne ya yi aikin baya ba. Ciyawar iri uku ce. Akwai karan fadama irin na Norfolk, wanda yanzu galibi daga Turkiyya da gabashin Turai da Sin ake shigo da shi, yakan kai shekara 25 zuwa 40. Akwai tajajjen karan alkama, shi ne na gargajiyar Devon, shekara 25 zuwa 35 in an yi sa'a. Akwai kuma dogon karan alkama da ba a taje ba, wanda ya fi gajeren kwana. Devon wuri ne mai yawan ruwa, ka ɗauki ƙaramin adadin. Doron jinka kuwa, ko da wace ciyawa aka yi, duk shekara 10 zuwa 15 sai an sake shi. Wannan kuɗi ne da za ka riƙa tarawa a gefe kamar adashi, domin inshora ba ta biyan tsufa da lalacewar yau da gobe.

Za ka ji wani ya ce tun da karan fadama ya fi daɗewa, ka yaye komai ka sa shi. A nan rajistar tarihi ke shigowa. Sauya irin ciyawa ko sauya fasalin doro yana bukatar izinin ƙaramar hukuma, kuma yin aikin da ya sauya yanayin irin wannan gini ba izini laifi ne a dokar gine-ginen tarihi ta 1990, ba kuskuren takarda ba. Abin da mai gidan baya ya yi ba izini ma kai za a iya tilasta wa gyarawa, don haka lauyanka ya nemi takardun duk aikin da aka taɓa yi. Akwai dalili mai kyau na hana yayewa. A wasu gidajen Devon, in ka leƙa ƙarƙashin rufi za ka tarar da ciyawar farko, baƙa ƙirin da hayaƙin zamanin da ake hura wuta a tsakar ɗaki babu bututu, wasu sun haura shekara 500. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a ɗakin girkin kakarsa ya ga yadda hayaƙi ya riƙe ciyawa zai gane abin da nake nufi. In naka yana da ita, sama-sama kaɗai za a cire a ɗora sabuwa. Ka kira jami'in adana gine-ginen tarihi na ƙaramar hukumar tun kafin ka kira leburori. Ka kuma duba ko akwai jemagu a rufin, doka tana kare su, kuma suna iya ɗage maka aiki zuwa wani lokacin shekara.

Katangar kuwa ka santa tun daga gida: ƙasa ce aka cuɗa da kara aka tattake, 'yar'uwar ginin tubali. Abokin gabanta ma ɗaya ne, wato siminti. An yi ta shafe irin waɗannan gidaje da shi a ƙarnin da ya wuce. Siminti yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe ta ciki har wata rana bango ya zube. Da farar ƙasa ake yaɓe, don bango ya riƙa fitar da danshinsa. In ka tarar da siminti, magini da ya san ginin ƙasa ya cire shi kaɗan-kaɗan, kada a fasa shi gaba ɗaya a rana guda. Ka kuma tabbatar ƙasar waje ba ta taru ta rufe harsashin dutsen da katangar ke zaune a kai ba.

Mu koma kan inshora, inda mutane suka fi yi wa kansu illa. Adadin da za ka sa shi ne kuɗin sake gina gidan yadda yake, da ginin ƙasa da katakon oak da hannun mai baibaya, kuma a gidan tarihi wannan yana iya fin kuɗin da ka saye shi. In ka yi inshorar rabin abin da ya kamata, kamfani yana iya biyanka rabin duk asarar da ka kawo, ko da ƙarama ce. Ka biya ƙwararre ya ƙiyasta maka. Ka duba tsawon lokacin da za su biya maka hayar wani wurin zama, domin sake gina irin wannan gida, da jiran izini da jiran layin mai baibaya, yakan wuce shekara guda. A Ingila nauyin gidan yakan koma kanka tun ranar musayar takardun ciniki, kafin a ba ka makulli, to inshorar ta fara daga ranar. In za a yi gyara kuna zaune a wani wuri, ka sanar da su, yawancin takardu suna rage kariya in gida ya yi kwana 30 ko 60 ba kowa. Wannan ya shafi zuwa gida hutu mai tsawo ma. Duk ma'aikacin da zai hau rufin ka ga takardar inshorarsa, kuma ka hana aikin walda ko na'urar ƙona fenti kusa da ciyawa.

In rahoton mai baibaya ya ce jinkar tana da sauran shekara goma, bututun yana gyaruwa, kuma dillali ya ba ka farashin da albashinka zai ɗauka duk shekara, ka saya. In ya ce shekara biyu suka rage mata, ka ɗauki ƙiyasinsa a rubuce ka kai wa mai sayarwa ya rage daga kuɗin gidan. Ka kuma shaida wa uwargida cewa gashin nama a tsakar gida ranar Sallah sai an matsa can nesa da rufi, yawancin takardun inshorar jinka suna faɗin tazarar mita nawa.