Baba ya daina tuƙi amma motar tasa ce: amsa kan sabunta inshora

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki tun jiya da daddare, amma na bari sai da gari ya waye na ɗauko fayil ɗin motar mahaifina na sake dubawa, don kada in faɗa miki abin da mantuwa ta gurɓata. Kin ce mahaifinku, Baba, ya haura shekara 75, ya daina tuƙi saboda ciwon ido, lasisinsa ya ƙare ba a sabunta ba, ƙaninki ne ke kai shi asibiti da masallacin Juma'a a motar, sannan ejan ɗin da ya saba yi muku inshora ya ce ba zai sabunta ba sai an kawo lasisin mai motar, in kuwa babu to a mayar da motar sunan ƙanin naki. Shawarata ita ce kada ku yi gaggawar sauya sunan. Daina tuƙi bai hana Baba mallakar mota ba, bai kuma hana shi yi mata inshora ba. Abin da ake bukata shi ne takardun su faɗi gaskiyar yadda ake amfani da motar a yau, ba yadda ake amfani da ita shekara goma da suka wuce ba.

Mahaifinmu, wanda muke kira Malam, tsohon malamin makaranta ne a Zariya, kuma da kuɗin sallamarsa daga aiki ya sayi wata Corolla ta hannu wadda har yau yake ji da ita. A 2021 likita ya ce hawan jinin ido ya cinye masa ganin gefe, ya hana shi tuƙi. Ya miƙa makullin ba da son ransa ba, kuma daga ranar ni na ɗauki nauyin takardun motar, ɗan yayata kuma ya zama mai tuƙa shi. Duk abin da zan faɗa miki a nan daga wannan hidimar na koye shi, wani da tambaya, wani kuwa da asara.

Maganar lasisi ita ce mafi sauƙi. Ni ma an taɓa ce mini sai na kawo lasisin Malam, na koma gida raina a ɓace ina tunanin yadda za a yi wa mai ciwon ido lasisi. Da na je ofishin kamfanin da kaina na tambayi dalili, sai jami'ar da ke karɓar takardu ta ce abin da suke nema shi ne shaidar ko wane ne mai motar, kuma ejan-ejan sun saba cewa lasisi ne kawai saboda shi ne katin da yawancin masu mota ke da shi a aljihu. Ta karɓi takardar lambar NIN ta Malam, ta ce da katin zaɓe ko fasfo na kawo su ma sun wadatar. Lasisin da ya dame su shi ne na wanda zai riƙe sitiyari. Ta juyo mini da satifiket ɗin inshorar, ta ɗora bakin biro a kan wani layi da na shekara ina gani ban taɓa karantawa ba, inda aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa motar: mai inshorar, da duk wanda yake tuƙi da umarninsa ko da izininsa, matuƙar doka ta ba shi damar tuƙi. Ki ɗauko taku takardar ki nemi wannan layin. Idan haka aka rubuta, ƙaninki yana cikin kariya muddin lasisinsa yana aiki. Idan kuwa an taƙaita tuƙin ga mai motar shi kaɗai, ko ga wani da aka ambaci sunansa, kamar yadda ake yi a wasu manyan inshorori, wato masu haɗawa da gyaran motar mai ita da sata da gobara, to nan ne gyara ya kama, kuma gyaran bai wuce a rubuta wa kamfani a ƙara sunan ƙanin naki ba. Kada kuma kowa ya ba ku shawarar a nemo wa Baba lasisi ta bayan fage don a rufe bakin ejan, domin wannan ƙarya ce da za ta zauna a fayil tana jiran ranar da za a tone ta.

A ƙarƙashin wancan layin akwai wani da ya fi shi cizo, wato iyakar abin da za a yi da motar. Inshorar motar gida ta ƙunshi zirga-zirgar iyali da harkokin mai ita, ba ta ƙunshi ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Na tsaya a kan wannan ne saboda abin da na gani a gidaje da yawa: tsoho ya daina tuƙi, mota na zaune yini guda, sai yaron da ke tuƙa ta ya fara ɗan kabu-kabu da yamma don ya sami na mai. Niyyarsa ba mugunta ba ce, amma ranar da aka yi haɗari da fasinja a ciki, kamfani zai ce an saɓa sharaɗi, kuma sunan da ke kan takarda na tsohon ne, shi za a nema. Ki zaunar da ƙaninki ku yi wannan maganar a fili. Haka nan idan fom ɗin sabuntawa ya tambayi wanda ya fi tuƙa motar, ku rubuta sunansa da shekarunsa da lambar lasisinsa, ko da hakan zai ɗan ƙara kuɗi a babbar inshora, domin yarjejeniyar inshora a kan faɗin gaskiya take tsaye, kuma abin da aka ɓoye lokacin cike fom shi ne hujjar farko da ake kafawa lokacin ƙin biyan diyya.

Asarar da muka yi ta zo ne ta wata ƙofa daban. A 2022 ɗan yayata yana dawo da Malam daga asibiti, wajen Kwangila, ya bugi wata adaidaita sahu ta baya. Ba wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi, amma bayan adaidaitar ya lotse, fitilarta ta fashe, mai ita kuma ya ce sai an biya shi gyara da kuɗin kwanakin da zai yi bai fita aiki ba. Na ce kada a damu, muna da inshora. Na buɗe aljihun gaban mota na zaro takardar, mai tambari da hatimi da komai, wadda wani mutum da ya daɗe yana yi wa Malam sabunta takardu ya haɗo mana tare da sauran takardun motar. Da na kira kamfanin da sunansa ke jiki na karanto musu lambar, sai suka ce ba su san ta ba. Takardar bogi ce, kuma ga dukkan alamu haka aka riƙa ba Malam shekara da shekaru, yana biya yana ninkewa yana ajiyewa, bai taɓa samun dalilin gwada ta ba. Abin da muka kashe wajen gyaran adaidaitar da bambar tamu motar ya haura fanshonsa na wata biyu. Kuɗin bai dame shi kamar yadda yaudarar ta dame shi ba, domin mutumin nan har gida yake zuwa gaishe shi.

Saboda haka kafin ma ki koma wurin ejan ɗin naku, ki fara tabbatar da cewa inshorar da kuke da ita ta gaske ce. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da lambar mota a intanet, nan take a ga sunan kamfani da ranar da inshorar za ta ƙare. Idan motar ba ta fito ba, to akwai magana. Farashi ma alama ce. Tun daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Duk wanda ya ce zai yi muku a ƙasa da haka, ko ya dunƙule kuɗin cikin na sauran takardu ba tare da rasit daga kamfani ba, ki yi shakkar abin da zai ba ku. Kuma tun da 'yan sanda suka fara tsananta binciken wannan inshorar a ranar 1 ga Fabrairu, 2025, takardar bogi ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba, tana iya sa a tsare mota a hanya alhali Baba na ciki yana sauri zuwa ganin likita.

Bayan mun koma kamfani na gaske, sai da muka sake yin tuntuɓe sau ɗaya. Lambar wayar Malam aka rubuta a fom, saƙon tunatarwa ya shigo wayarsa, shi kuwa ba ya iya karanta saƙo, sai inshorar ta ƙare muka yi kusan wata biyu muna yawo ba kariya. A wannan harka ba a yin bashi, domin ƙa'idar da ake bi tun dokar inshora ta 2003 ita ce in ba a biya ba, babu kariya. Yanzu lambata da imel ɗina ne a fayil, sunan Malam kuma yana nan a matsayin mai inshora. Ku ma ku yi haka, ku kuma sa Baba ya ba ɗayanku takardar wakilci a rubuce, da sa hannunsa ko dangwalen yatsansa a gaban shaidu, a kai wa kamfani kwafi. Kada wani ya kwaikwayi sa hannunsa don gudun wahalar da shi. Ki kuma duba cewa sunansa a takardun mota da na NIN da na asusun banki iri ɗaya ne, kuma asusun yana aiki, domin idan diyya ta fito shi za a biya, kuma bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya sa a yi ta kai da komo.

Game da mayar da motar sunan ƙaninki, a nan ne nake roƙon ki yi taka-tsantsan, domin abin ya wuce inshora. Canjin mallaka na nufin a idon hukuma motar ta zama tasa, kuma inshorar Baba ba za ta bi shi ba, sai ya yi sabuwa. Sannan ku da kuka san dalili kun ɗauke shi dabarar takarda ce, amma bayan rai ya yi halinsa, Allah ya ƙara wa Baba tsawon kwana, wani cikin magada zai ce motar gado ce, wani ya ce kyauta ce, ga kuma takarda na goyon bayan ɗaya. Mun san hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru a kan yin adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta. Idan Baba da kansa yana son ya ba ƙanin naki motar, ya yi hakan a sarari, da shaidu, da sanin sauran 'ya'yansa. Amma kada ejan ya zama shi ne ya raba muku dukiya don sauƙin aikinsa. Akwai kuma zuciyar tsohon. Malam ba ya ganin lambar motarsa, amma kullum da safe sai ya fito ya shafa bodinta ya tambaya ko an duba ruwa da baƙin mai, kuma idan za a fita da ita sai an nemi izininsa. An karɓe masa makulli, bai kamata a bi shi a karɓe sunan ba.

Ba ki faɗi irin inshorar da kuke yi ba. Idan babba ce, wadda ta haɗa da gyaran motarku da sata da gobara, ku sake duba ƙimar da aka rubuta wa motar, domin tun bayan faɗuwar naira a 2023 farashin motoci ya yi tashin gwauron zabo, kuma in aka sace ta ba za a biya ku fiye da abin da ke rubuce ba. Kuɗinta ba ya yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na wannan ƙimar, don haka ku auna da abin da iyali za su iya. Mu dai da muka yi lissafi muka ga motar ba ta fita fiye da sau uku a mako, sai muka tsaya a tsakiya, wato ƙaramar inshora haɗe da sata da gobara. Da a ce motar a lulluɓe take da tamfol ba ta hawa titi ko kaɗan, da ba lallai ne a yi ta biyan ƙaramar ba, amma taku tana fita, don haka wajibi ce.

Malam ya daɗe yana da ƙaiƙayi a ransa game da halaccin inshora, ya ce yana yi ne kawai don doka ta tilasta. Da na yi masa bayanin takaful, inda masu biya ke tara gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda asara ta same shi, a ƙarƙashin kulawar malamai, sai ya ce a mayar da shi can. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke yin sa, irin su Noor da Jaiz. Idan Baba yana da irin wannan tunani, lokacin sabuntawa shi ne lokacin da ya fi dacewa a sauya, kuma babu abin da ya ɗaure ku ga kamfanin da kuke.

Idan ejan ɗin ya dage a kan bakansa, ki tsallake shi ki je reshen kamfanin da kanki, ko ki tura ƙaninki da takardar wakilci, da shaidar Baba, da takardun mallakar mota, da tsohon satifiket, da lasisin ƙanin naki. In sun ƙi sabuntawa, ki nemi su rubuta miki dalili a takarda, domin da ita za ki iya kai ƙorafi sashen karɓar koke na NAICOM, kodayake ni ban kai ga haka ba, cikin rabin sa'a aka gama mini. Ku biya ta asusun kamfani, ba hannu da hannu ba, sannan bayan kwana ɗaya ko biyu ki sake shigar da lambar motar a NIID ki ga sabuwar ranar ta fito. Ki gaishe mini da Baba, Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi masa.